Buhun Takalman Harisu

Harisu Maiturare taubashina ne, saboda haka ina da damar tona masa asiri. Sunan ne kawai na turare. Rabon da a ga kwalba a hannunsa tun kafin ya yi furfura. Sana'arsa ta gaskiya takalma ce, ba ɗinki ba, ba sayarwa ba.

A wani asibitin gwamnati da ke nan ƙasar Daura, jama'a sun yi wa likita yawa, kati kan ƙare tun rana ba ta take ba. Marasa lafiya ba sa iya doguwar tsayuwa, sai kowa ya ajiye wari ɗaya na takalminsa a layi, ya koma inuwa. Harisu ya duba wannan al'ada, ya ga abinci. Ya bi bola ya tara silifa wari-wari cike da buhu. Da an sallame sallar asuba sai ya je ya jera su tun daga bakin ƙofa. Wanda ya taso daga Zango ko Kongolam ya tarar da layi ya miƙe, sai Harisu ya matso yana murmushi.

"Sannu da hanya. Akwai wuri a gaba, in za ka ba da na goro."

Wanda bai saya ba ya koma gida bai ga likita ba, gobe ya sake biyan mota, ko ya faɗa kemis a tatse shi. Na sha yi masa faɗa, don abin yana ƙona mini rai. Amsarsa kullum ɗaya ce: faɗuwar wani tashin wani.

Wata Litinin ya tashi fitsari ya ƙi fita. Da yake kwaɗayi ya fi ciwon ƙarfi, sai da ya jera takalmansa ya sayar da su tas. Kafin hantsi mara ta kumbura, gumi ya jiƙa shi. Ya rarrafa wurin ma'aikaciyar jinya, Siddiƙa.

"'Yata, yau ni ne da kaina."

"Haba Baba, kullum haka kake cewa. Koma ka bi layi."

Ga Harisu can ƙurya, a bayan takalmansa. Ranar ina wurin, na yi dariya har na riƙe ciki, na ce ashe wanzami ba ya son jarfa. Da na ga idonsa ya fara juyawa, dariyar ta tsaya mini, tsoro ya kama ni.

Wadda ta sayi wurin farko wata Rahmatu ce daga Zango, siririya, tana tari cikin mayafi. Zuwanta na baya ba ta samu shiga ba, shi ya sa ta daure ta saya. Ta dube shi, ta ja gefe.

"Baba, ai takalminka ne. Shiga."

Aka shiga da shi, aka sa masa robar fitsari, ya fito yana hamdala. Ya ce a nemo masa Rahmatu. Siddiƙa ta ce da ta ba shi wurinta ta koma nasa a ƙarshen layi, kati ya ƙare kafin a zo kanta, ta tafi tasha.

Buhun dai ya koma bola. Amma har yau Harisu yana zuwa da asuba, ya ajiye wari ɗaya tak a bakin ƙofa, ya zauna yana duban duk macen da ta sauko daga motar Zango. Ba ya sayar da shi ko nawa aka taya. Rahmatu ba ta dawo ba tukuna, ni kuma a nan ne kaɗai ba na iya tsokanarsa.