Jar Saniya a Bangon Takur

Lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha, gari ne mai daɗi, kowa ya san kowa, kuma duk mai shago allon talla yake so. Ni aji biyu na yi a firamare, amma da na sayi burushi da gwangwanayen fenti, ja, rawaya, shuɗi, fari da baƙi, sai na naɗa kaina mai zane. Ba wanda ya musa, don babu wani.

Akwai wani dattijo Bafulatani daga Buji, 'ya'yansa ma'aikata suka sa ya sayar da garkensa, suka ajiye shi a unguwar Takur da ɗan shagon tireda. Kewa ta hana shi sukuni. Ya kira ni, ya ce jar saniyarsa yake so a bangon shagon, ya riƙa ganinta.

Na zana ta da jan gwangwani. Ya dube ta, ya dube ni.

"Ɗana, wannan saniya ce ko motar kashe gobara?"

Na zuba baƙi, ta koma kamar hantar da ta kwana. Na zuba fari, ta zama kalar ɗankwalin 'yan mata. Sai da na ɗiga rawaya da ɗan shuɗi jan ya kwanta, ya yi kama da fatar dabba.

Na ce, "Baffa, yanzu fa?"

"Ta kusa. Amma wannan ba ta da lafiya."

"Fenti ne, Baffa, ba ya zazzaɓi."

"Kai ne dai mai zazzaɓin. Ina ka taɓa ganin saniya a jikin farin bango kamar an kwantar da ita asibiti? Tawa in ta shiga ciyawar damina, tun daga nesa nake gano ta."

Haushi ya sa na haɗa ragowar rawaya da shuɗi, na yaɓa kore kewaye da ita, don dai ya rabu da ni. Saniyar ban ƙara taɓa ta ba. Muka ja baya zuwa bakin titi, sai ga jan nan ya tashi kamar an hura garwashi. Ashe ita ma kala sai da maƙwabci, kore ne ke tada ja. Na gyara tsayuwa kamar da gangan na yi.

Dattijon ya ƙura wa saniyar ido. Can ya matsa, ya ɗora tafinsa a wuyanta, fenti bai ko bushe ba, ya yi mata irin kiran da makiyaya suke yi a daji.

"Ƙafafun nan na jaki ne," ya ce, bai juyo ba. "Amma ita ce. Kada ka ƙara taɓa ta."