Mai Batir

Yayana siminti yake sayarwa, amma ban taɓa jin ya yi wa buhun siminti kirari ba. Agogo kuwa, sai ka ce shi ya haife su. In ka yi kuskuren yaba wanda ke hannunsa, to ka jawo wa kanka. Zai nannaɗe hannun riga, ya juya tsintsiyar hannu har haske ya bugi gilashin, ya ɗauko maka tarihinsa tun daga ƙasar da aka ƙera shi. Kafin ya kai aya, abin da kake sauri dominsa ya riga ya wuce ka.

Ba a gidanmu ya ɗauko wannan ciwo ba. Mu da agogon bango ɗaya muka tashi, shi ma kullum a makare yake. A wurin maigidansa ya kwaso shi, wani dattijo mai sayar da ƙarafan gini, wanda duk layin ke kira Mai Rodi. Yaya ya shiga hannunsa tun yana saurayi, ya yi masa lodi, ya yi masa tsaron shago, har ranar da dattijon ya kama masa nasa shagon a ƙarshen layi, ya ce je ka nemi naka. Babanmu ya rasu da wuri, saboda haka duk abin da uba ke yi wa ɗa, Mai Rodi ne ya yi wa Yaya. Shi ma Baba yake ce masa.

Mai Rodi na da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Duk wanda ya shiga ofishinsa da agogo a hannu, kafin a gama gaisuwa zai miƙo tafinsa. Sai ka kwance ka ba shi. Zai ɗan jinjina shi ya ji nauyinsa, ya kara a kunne, ya lumshe ido. Irin agogunan da suke so ba sa cin batir. Ƙarfe ne zalla a ciki, da murzawa ko motsin hannu suke tafiya, kuma a kunne wani siririn gudu suke yi ba tsayawa. Mai batir kuwa ɗaya-ɗaya yake bugawa, kamar mai tari. In dattijon ya gama saurare ya ce "wannan agogo ne", to an gama magana a layin.

Da kasuwa ta buɗe wa Yaya, sai ya sa kafinta ya yi masa akwati na baƙin katako mai gurbi goma, kowane gurbi da 'yar matashiyarsa. A hankali ya cika shi, kuma babu wanda ya shiga ciki sai da ya bi ta kunnen Mai Rodi. Kullum da safe kafin ya karya, zai zauna bakin gado ya murza su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da ƙyalle. Matarsa takan ce, "Da ni agogo ce, da na ji daɗin aure."

Sai ruwa ya zo. Wata damina magudanar bayan layin ta toshe, ruwa ya shiga siton Yaya har ƙugu, a daidai lokacin da ya cika shi maƙil da kaya, rabi ma ba nasa ba. Kowa ya san siminti da ruwa. Da ruwan ya janye, na je na gani da idona. Buhunan na nan a jere yadda aka tsara su, ko ɗaya bai goce ba, sai dai duk sun zama dutse. Da guduma aka fasa su, kuma sai da ya biya masu fasawar.

Mota ta tafi, filin da ya saya ya tafi, sannan aka zo kan akwati. Ɗaya-ɗaya ya riƙa fita da su a aljihu, ya sayar, ya dawo aljihu ba agogo. Ya sallami duk masu kaya, wannan kam ko maƙiyinsa zai shaide shi. Amma ranar da ya rabu da na ƙarshe, wani mai shuɗiyar fuska da ya fi so, sai ya bi ta bakin tasha ya sayi jabunsa a kan tire, a kuɗin da bai kai na takalmi ba.

Na gan shi a hannunsa, na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ya ce, "Ke ɗinki kika sani. A layinmu hannu ake fara dubawa kafin fuska. Ranar da aka ga hannuna ba komai, ko buhu ɗaya ba wanda zai ba ni."

Na ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya ce in je in ji da kekena.

Abin haushi, dabarar ta ɗan yi masa aiki. Daga nesa ba mai ganewa, shi kuma ya daina nannaɗe hannun riga. Watanni suka shuɗe yana ɗaura shi kullum, har shi da kansa ya saba, ya manta abin da ke hannunsa. A haka ya shirya wata rana ya tafi wurin Mai Rodi, don ya roƙe shi ya tsaya masa a wurin masu ba da kaya. Ofishin cike da mutane, 'yan kwangila da direbobi. Dattijon ya miƙo tafi kamar yadda ya saba, Yaya kuma ya kwance ya ba shi kamar yadda ya saba. Ya ce mini sai da agogon ya bar hannunsa sannan ya tuna jabu ne.

Mai Rodi ya jinjina, ya kara a kunne. Bai ko lumshe ido ba. Ya miƙo masa abinsa ya ce, "Batirin nan zai kai ka shekara."

Ofis ya ɗauki dariya. Yaya ya tashi ya fita, bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Shagon ɗinkina yana bayan layin ne, kuma kafin in rufe a ranar, mata uku sun kawo mini labarin, kowace da ƙarin gishirinta. Daga ranar sunansa ya koma Mai Batir. Har masu tura kura haka suke kiransa.

Ni na ɗauka kwana biyu zai yi ya huce ya koma. Ashe ban san yayana ba. Ya rantse ba zai sake taka ƙofar Mai Rodi ba sai akwatin nan ya cika da na gaske, ya ajiye a gabansa, dattijon ya ji da kunnensa ya ce agogo ne. Ba dariyar layi ce ta fi cin sa ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne mutumin da ya rene shi ya kama shi da ƙarya.

Ya koma ƙasa ya faro. Ya bar babban shagon ya kama wani ɗan lungu da bai fi ɗakin girki ba, yana saro buhu kaɗan-kaɗan yana sayar wa masu gyaran gida. Daga baya ya sayi injin buga bulo na hannu, shi da kansa yake kwaɓa ƙasa in lebura bai zo ba. Hannun da ya saba da ƙyallen goge gilashi ya yi kanta. Jabun kuwa ya jefa shi a magudanar da ta cuce shi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, kuma gaskiya ne, abu ya riƙa dawowa. Amma ka san me ya fara saya da ya ɗan samu sarari? Ba mota ba, ba kujerun falo ba, alhali na gidansa sun lotse har baƙo sai an ja shi yake tashi. Agogo ya sayo. Matarsa ta yi kwanaki ba ta ce masa uffan ba, ni kuwa na faɗa masa abin da ke bakina.

Akwai wani mai gyaran agogo da ke zama a ƙarƙashin matattakalar wani bene, da ɗan teburinsa da gilashin ido ɗaya. Shi ya zama abokin shawararsa. Duk wanda zai saya sai an kai can an buɗe bayansa an duba. Wasu sababbi ya samu, wasu na hannu. Ɗaya ma nasa ne na da, ya gan shi a hannun wani ɗan kwangila, ya bi shi kamar jela har mutumin ya gaji ya sayar masa, bayan ya tsuga masa kuɗi son ransa. Yaya ya dawo gida yana murna kamar an yi masa kyauta.

Duk wannan bai sauya komai a layi ba. In ya wuce sai a ce, "Mai Batir, wannan ma caji ake sa shi?" Wata rana zuciya ta ɗebe shi, ya ɗauko mai gyaran ya buɗe agogo a gaban 'yan layin. Suka leƙa, suka kaɗa kai, wani ya ce, "Kai, 'yan jabu sun ƙware yanzu." Shi ke nan. Maganar mutum ɗaya ce za ta wanke shi, kuma shi ne wanda ya ƙi zuwa wurinsa.

Ba don dattijon bai neme shi ba. Ya aiko direbansa, ya aiko ɗansa, har ni ya taɓa tarewa a hanya ya ce, "Ki ce wa yayanki ina cigiya." Na kai saƙo. Yaya ya ce saura gurbi shida. Da matar Mai Rodi ta rasu, ya je, amma ya tsaya can bayan mutane ya sulale kafin a gan shi. Na ce masa wannan ba kunya ba ce, girman kai ne, kuma girman kai rawanin tsiya. Ya ce saura huɗu. Da muka ji dattijon ya daina fitowa kasuwa, ɗansa ke riƙe da shago, na sake yi masa magana har muka yi baram-baram. Ya ce saura ɗaya, kuma mai shuɗiyar fuskar nan ne, ba ya samuwa da sauƙi. Wallahi a lokacin na ji haushinsa, kuma na ji tausayinsa. Yaransa da ke rarrafe lokacin ruwan sun shiga makaranta sun yi nisa, shi yana nan yana ƙirga gurbi.

Ya samu na ƙarshen a bara. Ranar da zai je, ya biyo ta shagona da yamma, ya sha wanka, akwatin a naɗe cikin tawul. Ya ce in raka shi. Na ce ina da ɗinkin mutane. Ya tsaya kawai bai tafi ba. Na kashe keke na bi shi.

'Yar Mai Rodi ce ta buɗe mana. Ta dubi Yaya ta dubi tawul ɗin, ta kai mu wani ɗaki a ƙasa, saboda ya daina hawa bene. Gado ne, da kujera mai taya, da tebur cike da kwalaben magani. Mutumin da na sani yana daka wa direbobi tsawa daga ƙofar ofis ya koma ɗan ƙanƙani a cikin bargo. Idanunsa sun yi fari. 'Yar ta sunkuya daidai kunnensa ta ɗaga murya ta faɗa masa ko su waye.

Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ya warware tawul, ya buɗe akwatin a bakin gado. Ya ce, "Baba, na kawo ka duba."

Dattijon ya miƙo tafi. Yaya ya ɗora masa mai shuɗiyar fuskar. Sai da Yaya ya tallafi hannun daga ƙasa don kada agogon ya faɗi. Ya kai kunnen dama ya daɗe. Ya mayar na hagu ya daɗe. Ni daga inda nake tsaye har ina jin sauran tara suna ta gudunsu a cikin akwati.

Ya sauke hannu ya ce, "Ba na jin komai. Kunnen ya tafi tun tuni. Kai ka faɗa mini."

Yaya ya ce, "Na gaske ne, Baba. Duka goman."

"To na gaske ne," in ji shi, ya miƙo masa. Ko sauran bai nema ba.

Yaya ya riƙe agogon ya rasa inda zai sa shi. Ni na san ya tanadi jawabi, don a hanya na ji yana ta maimaitawa ƙasa-ƙasa, amma ko kalma ɗaya ba ta fito ba.

Mai Rodi ya ce, "Tsiya na yi maka ran nan, irin wadda na saba yi maka tun kana lodi. Na ce gobe zai dawo mu yi maganar da ta kawo shi. Tun ina kasuwa har na dawo ɗakin nan, duk wanda ya buga ƙofa sai in ce a duba ko kai ne. Tambayi wannan, ta gaji da ni."

'Yar ta juya ta kama gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara. Ni kam hawaye na yi, ba na ɓoyewa.

Dattijon ya ce wa Yaya ya matso. Ya lalubo kafaɗarsa, ya bi wuya, ya ɗora tafi a kansa zai sa masa albarka. Sai ya tsaya, ya sake shafawa tun daga goshi har ƙeya.

"Yaushe ka yi sanƙo?"

"An daɗe, Baba."

Hannun dattijon na nan a kan. Can ya ce, "Ba a gabana ba."

Yaya ya kifa fuskarsa a kan bargon. Na sunkuya na mayar da agogon gurbinsa, na rufe akwatin, na fita da shi waje na ba su wuri.