Ranar da Kaka Ta Faɗi Sunaye Biyu

Kakata ba ta da haƙurin tatsuniya. Lokacin ɗari, in mun taru a ɗakinta bayan an ci tuwo, ta hura wuta a kasko, ta binne mana gyaɗa a toka, sai ta kama ta kura da zomo. Kafin a kai tsakiya ta ce ta manta sauran, ai kurar ma ba ta da wani abin kirki da za ta koya mana. Mu kuwa haka muke so, domin daga nan sai ta koma kan abin da ta gani da idonta a Matameye zamanin Nasara. Ni ce mai zama jikin ƙafarta. Sunanta aka sa mini, Takwara take ce mini, kuma ni kaɗai ke katse ta in kwana lafiya.

Wanda muka fi roƙo shi ne labarin ranar da akwati ya yi magana. Takan gyara zama ta ce wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mata ta zo mu ji ta.

Shekarar da yaƙin Turawa ya yi zafi aka zo ɗibar soja, aka sa kakanmu Haruna a mota, aurensu da Kaka bai fi wata huɗu ba. Ya tafi bai san tana da ciki ba, don kunya ba ta bar ta ta faɗa masa ba. Ta haifi namiji aka raɗa masa Musa, shi ne mahaifina. Yaro ya kai wata bakwai, babu wasiƙa, babu wanda ya dawo balle a tambaye shi. Ta ce dawowarsa ta bar wa Allah. Abin da ke cin ta shi ne kada mutum ya mutu a ƙasar da ba a san sunanta ba, yana zaton bai bar baya ba.

Ana nan sai kumandan, Baturen mulki, ya zo rangadi daga Damagaram da radiyo a bayan mota. Aka yi shela za a kunna shi a lakwal, wato makarantar boko, wuni guda, safe na ƴan lakwal, yamma na kowa da kowa. Ba wanda ya jira yamma. Tun hantsi filin ya cika, har mutanen Dawce sun tako da ƙafa. Kaka ta goya jaririnta ta bi bayan surukinta, ta zauna can gefen mata.

Aka ɗora akwatin kan tebur a inuwa, aka ja wata waya aka ɗaura a reshen gawo. Malamin lakwal ɗin, wanda ake ce wa mushe, wani saurayi ne daga ƙasashen bakin teku mai Hausa a karye. Ya murɗa wani abu, akwatin ya yi ta ƙara kamar ana suyar ƙosai, sai kwatsam mace ta yi magana. Kaka ta ce a nan ta ga dattawa masu gemu sun ja da baya suna salati. Macen ta rera waƙa, ƴan lakwal suka amsa. Ta yi ƙirga, suka bi ta, kamar tana tsaye a gabansu da bulala. Wani tsoho ya zagaya bayan teburin ya leƙa, ya dawo ya zauna.

"Takwara," takan ce, tana juya gyaɗa da tsinke, "ke kin tashi kin iske abin nan a kowane shago. Mu da muka ji shi da fari, wallahi tsikar jikinmu ta tashi. Murya ba mai ita, ba ta ci ba ta sha, ta ƙetaro teku ta sauka kan gawon garinmu."

Da azahar namiji ya karɓa, ya ba da labarin yaƙi, mushe yana fassarawa: jirage a sama, jirage a ruwa, garuruwa masu sunan da harshe ba ya kamawa. Bayan la'asar aka yi wa manoma huɗuba kan noman gyaɗa, mutanen Matameye suka yi dariya, wai Nasara zai koya musu gyaɗa. Sai can gab da magariba aka shiga karanto sunaye. Mushe ya ce gaisuwar sojoji ce zuwa gida. Aka karanto, aka karanto, aka gama, babu Haruna.

A nan ne Kaka ta yi lissafinta. A saninta, duk hanyar da ta kawo baƙo ita ke mayar da shi, kuma ba a taɓa barin bafatake ya koma inda naka yake ba a ba shi sallahu ba. Tun da gaisuwa ta zo ta akwatin nan, ta nan za ta koma. Sai dai mai kai saƙo dole ya ji sunan wanda za a kai wa. Ga shi a wurin matan zamaninsu suna biyu ba sa fita daga baki, na miji da na ɗan fari, balle a gaban suruki da dukan gari.

Ta miƙe, ta ratsa maza ta durƙusa gaban teburin. Ta yi wa akwatin sallama, ta jira mai maganar ya numfasa, don ba a katse baƙo. Mushe ya gane abin da take nufi, ya buɗe baki zai yi bayani. Surukinta ya ɗaga masa hannu. Saurayin ya dube shi, ya dube ta, sai ya rage ƙarar akwatin har ya yi shiru, ya cire hularsa.

"A faɗa wa Haruna na Matameye," in ji Kaka da ƙarfi, "an haifa masa ɗa namiji. Sunansa Musa. Yana zama da kansa."

Wata tsohuwa ta kama haɓa tana cewa yarinyar nan ta zubar da kunya a bainar jama'a. Surukin ya ce a bar ta, saƙon da ke bakinsa ke nan tun safe, ya rasa ƙarfin faɗa. Kafin a kira salla mata biyar sun bi sahunta, kowace da sunan da ba ta taɓa furtawa ba. Washegari motar ta wuce Kance da akwatin.

Ko a wajen ba mu labarin, Kaka ba ta maimaita sunayen. Takan ce "wane" da "wane", mu ne ke cike mata gurbin cikin raɗa.

Haruna bai dawo ba. Bayan an gama yaƙi takardar rasuwarsa ta zo, Kaka ta yi takaba. Ni kuma da na shiga lakwal na fara jin kaina, wani dare na ce mata radiyo ba ya ji, magana kawai yake yi. Na zaci zan ba ta mamaki. Ta ce ai ta sani, kwana uku bayan abin mushe ya zo ƙofar gida da kansa ya faɗa wa surukinta gaskiya, don abin ya hana shi sukuni.

"Akwatin bai ji ba," ta ce. "To Wanda ya kawo murya daga bayan teku ba igiya ba raƙumi, mayar da tawa ce za ta gagare Shi? Ci gyaɗarki, Takwara."

Na daɗe ina ɗaukar amsar nan a matsayin ta tsohuwar da ba ta son a kayar da ita. Yanzu da na tsufa, ƴaƴana suna nesa, waya na hannuna dare da rana, na lura sau nawa nake gama magana da su ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Ita da ba ta da komai sai akwati kurma, ta faɗi nata gaban kowa, ta tashi ta kaɗe zane. Har yau ban san ko kakana ya mutu da sanin yana da ɗa ba. Kaka ta rasu ba ta taɓa shakkar haka ba, kuma duk karatun da na yi bai ba ni barci mai daɗin nata ba.