Ba Wanda Ya Je Gidan Sarkin Zumunci

Baba Ɗanladi ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye a tasha da jakata a hannu ina jiran motar Abuja. Mama Rifkatu ce ta kira. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce, "Malam Nuhu, Baba ya tafi fa. Har an kai shi tun jiya." Ita ma a bakin wata mai sayar da alayyafo ta ji.

Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Ban hau motar ba. Na zauna a bencin mai shayi.

Da yawanku ba ku san shi ba, don haka bari in gaya muku ko wane ne. Tsohon malamin gona ne, ya daɗe yana aiki a wajajen Panda kafin ya yi ritaya ya dawo Keffi. Muna da wata 'yar ƙungiyar aikin gayya a Tudun Ƙofa, ba mu kai mutum talatin ba. Akwai malaman makaranta, akwai 'yan kasuwa, akwai ma'aikata irina, Musulmi da Kirista. Aikinmu kwashe kwata kafin damina, gyaran famfon burtsatse in ya lalace, zuwa asibiti duba marasa lafiya, da ba da jini in an nema. Duk ranar Alhamis bayan la'asar mukan zauna a wani aji na makarantar firamare, a kan bencin yara, gwiwoyinmu na dukan tebur. Wannan makon Musulmi ya buɗe da addu'a, mako mai zuwa Kirista.

A cikinmu Baba ne Sarkin Zumunci. Da wasa aka naɗa shi, amma shi bai ɗauke ta wasa ba.

Dokar ita ce, duk wanda aka kira sunansa Alhamis biyu a jere ba a ji ya amsa ba, to kafin Alhamis ta uku Sarkin Zumunci zai tsaya a ƙofar gidansa. Ba kiran waya ba, ba saƙo ba. Da ƙafarsa. Yakan ce, "A waya kowa lafiya lau yake ce maka. Ni sai na ga fuska."

Shekara bakwai ke nan da aka yi mini canjin wurin aiki na baro Azare. Iyalina suna can, ni ina nan a ɗaki ɗaya. Kwanan Keffi, wunin Abuja. Wata takwas na yi a unguwar nan ban san sunan kowa ba in ban da mai gidan haya. In na dawo aiki in saya abinci a leda, in rufe ƙofa, in ci ni da rediyo. Kada in ɓoye muku, akwai ranakun Asabar da nake wuni ban yi magana da ɗan Adam ba sai sallamar da zan yi a masallaci.

Wata Asabar ɗin na fito da farar rigata zan je aski, na tarar da mutane sun cika ƙofar gidanmu suna kwashe kwata. Na raɓa zan wuce. Wani dattijo siriri, ya naɗe wando har gwiwa, ya tare ni.

"Kai mai farar riga, ruwan wankanka ta ina yake bi?"

Na ce ta nan.

"To ungo," ya miƙo mini shebur.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuciyata wannan tsoho ya cika shisshigi. Amma na karɓa. Rigar nan ba ta sake fari ba har na yar da ita. Da muka gama ya tambaye ni garinmu, na faɗa masa, tun daga ranar sunana ya koma Ɗan Azare. Ya ce, "Alhamis bayan la'asar, aji na biyu daga ƙofa. In ba ka zo ba ni zan zo."

Na ɗauka magana ce kawai.

A shekarata ta biyu taifot ya kwantar da ni. Ban gaya wa kowa ba, har matata, don kada hankalinta ya tashi. Ranar wata Juma'a da hantsi na ji ƙarar tsohon babur ɗinsa, wanda ake jiyo shi tun daga bakin titi. Ya shigo da kunun tsamiya a fulas. Ya dube ni, ya dubi ɗakin, ya ce, "Haba Ɗan Azare, ko kaza ai ana buɗe mata taga." Ya buɗe tagar, ya goya ni a babur zuwa asibiti, ina riƙe da rigarsa. Kwana huɗu yana zuwa safe da yamma.

Tun da na zo garin nan, shi kaɗai ne ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofata ba don yana neman wani abu ba.

Ba ni kaɗai ba ne kuma. Mama Rifkatu, tsohuwar nas ce, akwai lokacin da ta yi fushi da ƙungiya don an katse ta tana magana. Ta tattara ta tafi wurin 'yarta a Gitata ta ce ta bar mu har abada. Baba ya hau babur har Gitata. Ita ta ba mu labari daga baya, tana dariya: "Wannan mutum, ya zo ya zauna, na dafa doya ya cinye, bai ce mini ki dawo ba, bai ce ki yi haƙuri ba. Sai da zai tafi ya ce, Mama, bencinki yara sun fara zana shi da alli. Shi ke nan fa!" Alhamis ta gaba tana wurinta.

Yakan zo da soyayyiyar gyaɗa a aljihun babbar rigarsa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana zuba mana a tafin hannu. In Ciyaman ya tsawaita jawabi sai ka ji Baba ya fara murza ɓawon gyaɗa da ƙarfi, kowa ya gane.

Ganina da shi na ƙarshe, jiya ya cika mako huɗu cif.

Ranar ba mu ji babur ba, ɗan acaɓa ne ya sauke shi. Na tambaye shi ina babur ɗin, ya ce, "Ni da shi mun tsufa, muna hutar da juna." Na lura bai saka takalminsa sau ciki ba, silifa ya sako, ƙafafun sun kumbura. Na gani da idona, ban ce komai ba.

Abin da ya cinye mana zaman ranar shi ne maganar rigunan ƙungiya, shuɗi za a ɗinka ko kore. Awa ɗaya da rabi. Kuma in za a faɗi gaskiya ni na fi kowa baki, na kafe a kan shuɗi kamar gadon gidanmu ne. Can dab da magariba Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Ciyaman, ina roƙon a ba ni mataimaki. Ƙafafun nan sun fara yi mini gardama."

Ciyaman ya duba agogo ya ce, "Baba, magana ce mai kyau, mu bar ta sai mako mai zuwa."

Duk muka ce haka ne, muka tashi.

Na raka shi bakin titi na tsayar masa da acaɓa. Ya juye mini sauran gyaɗar da ke aljihunsa, ya ce, "Ɗan Azare, ka je gida ka ga yaranka, kada su manta kamanninka." Na ce to Baba, sai Alhamis. Ya ce, "In Allah ya kai mu."

Alhamis ta zo, sakatare ya kira sunansa, shiru. Wani ya ce wataƙila ya tafi Panda duba gonarsa. Maganar mataimaki ba wanda ya tayar, tunda mai maganar ba ya nan.

Alhamis ta biyu aka sake kira, shiru. A ƙa'ida a nan ne akan ji muryarsa daga bencin baya yana cewa, "Na ji, zan leƙa." Muka waiwaya gaba ɗaya, ba kowa a wurin. Wani ya ce, "To yau fa? Wa zai je wurin Sarkin Zumunci?" Aka kwashe da dariya.

Na yi dariyar nan. Ni ma na yi.

Sakatare ya ce zai rubuta a guruf ɗinmu na waya. Ya rubuta, muka yi ta turo Allah ya sa lafiya, Allah ya sa lafiya, kowa ya ji kamar ya sauke nauyi. Ba wanda ya tuna cewa Baba ba ya cikin guruf ɗin. Ƙaramar waya ce da shi mai tocila, ko hoto ba ta buɗewa. Na kira layin sau ɗaya na ji a kashe, na ce zan sake gwadawa.

Kun ga, shekara da shekaru mun saba zuwa gidan mutum aikin Baba ne. Kwata muna da mai kula da ita, famfo akwai, asibiti akwai. Kowa da aikinsa, kuma ba a shiga aikin wani, da haka muke taƙama. Shi ya sa da abin ya zo kansa kowa ya zauna yana jiran mai aikin.

Ni ba ni da ma bakin kare kaina. Lungun gidansa a kan hanyata ta zuwa tasha yake. Kullum da safe in ce sai na dawo, in na dawo cunkoson motocin Mararaba ya gama da ni in ce sai gobe.

Jiya Mama Rifkatu ta buga tebur ta ce abin kunya ne, mako huɗu ba a ga mutum ba. Muka yanke shawara ranar Asabar za mu je gaba ɗaya, cikin sababbin rigunanmu, mu ba shi mamaki. Har tafi muka yi.

A daidai lokacin ake sallar gawarsa, tafiyar minti goma daga ajin da muke zaune. Da azahar ya cika. Cikin mutanen da suka kai shi makwancinsa babu ɗan ƙungiyarmu ko ɗaya.

Daga tasha gidan na wuce. Na gaisa da mazan da ke zaune a tabarmin ƙofar gida, aka yi mini iso wurin matarsa, Inna Asabe. Ban taɓa ganinta ba. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya, na faɗi sunana. Ta ɗago ta ce, "Kai ne Ɗan Azare?"

Na ce ni ne, Inna.

Ta ce, "Allah sarki. Ya ce kai za a turo."

Ban gane ba, sai ta yi mini bayani. Tun bayan Alhamis ta biyu, ranar Juma'a da safe, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ce a ba shi hularsa. Ya ce mata, "Yau ko gobe za ki yi baƙo, ki dama kunu da ɗan yawa." Ta dama. Washegari ma haka. Ta ce kullum sai an kama shi an kai shi zauren nan, har ranar da ya kasa zama, sannan ya ce a bar ƙofar ɗakin a buɗe don ya ji sallama.

Na ce, "Inna, me ya sa ba ku aiko mana ba? Ko yaro ai da kun turo."

Ta ce, "Na so in aika, ɗana, ya hana. Ya ce in sai an kira ku kuka zo, to kira kuka amsa, ba shi kuka zo gani ba. Ya ce doka ce, ba sa karya ta, aiki ne dai ya riƙe su."

Ba ta faɗa da faɗa ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na fito ban iya yi wa kowa sallama ba.

Yanzu ina ɗakina nake rubuta wannan. Kunya nake ji, da baƙin ciki, da wani irin kaɗaici da na ɗauka na rabu da shi tuntuni. In na kwanta ciwo gobe a ɗakin nan, ban san wanda zai lura ba. Mutum ɗaya ne, kuma shi ne ya jira ni mako biyu ban je ba.

'Yan ƙungiyarmu da za su karanta wannan, ba don in tona mana asiri na rubuta ba. Na fi kowa laifi, don ni ya ambata.

Ya Allah, ga bawanka Ɗanladi ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Duk takun da ya yi zuwa ƙofar wani ka sa ya tarar da shi a mizani. Kada ka bar shi cikin kewa a can. Ka ba Inna Asabe da 'ya'yansa haƙuri. Mu kuma da muka gaza, ka yafe mana, ka sa shi ma ya yafe mana ranar da za mu haɗu.

Ina roƙon duk wanda ya karanta, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, ku ambaci sunansa a addu'arku ta yau Juma'a. 'Yan'uwanmu Kirista, ku tuna da iyalinsa ranar Lahadi. In kun gama yi masa, ku saka ni a ciki, ina bukata.