Ranar da Aka Yi Shela Ba Sha'aban

Shekara talatin Sha'aban yana yi wa unguwarsu da ke bayan garin Daura shela da ganga, ko suna ne, ko gayya, ko ɓatan akuya. Da Shari'a ta zo, dattawa suka ce ya ajiye gangar, ya ajiye. Da maƙogwaro kawai ya riƙa tara jama'a gayyar ginin asibitin haihuwa duk Asabar, har muryarsa ta dishe.

Ranar buɗewa, yana zaune ƙofar gida, sai ga mota da lasifika tana gayyatar kowa. Ya tare shugaban kwamitin ginin.

"Alhaji, ko a gaya mini?"

"Haba, Baba, muryarka ba ta kaiwa yanzu."

"Ta kai ai, lokacin da kuke neman masu ɗaukar bulo."