Tannie Driekie da Kabarin Ƙasan Dam

Tannie Driekie Swanepoel, wato Inna Driekie a yarensu, ba ta iya zama ba. A coci ƙafarta rawa take yi ƙarƙashin benci, kofi ma a tsaye take shan sa, tana leƙen taga kamar mai jiran baƙo. Ta ƙarar da ƙuruciyarta a rumbun shirya tuffa na garin, tana tsaye tana ware ruɓaɓɓu daga masu kyau. Ranar da ta ajiye aiki, mijinta Oom Kerneels ya ce madalla, yanzu kujerun gidan za su san nauyinta. Ashe lokacin aka fara.

Maganar kakarta, Ouma Lenie, ita ce ta hana ta sakat. Tun Driekie tana yarinya tsohuwar ke cewa su jinin Huguenot ne, Faransawan da aka koro daga ƙasarsu saboda addini, kuma uwarsu ta farko, Isabeau, tana jaririya aka sauko da ita daga jirgin ruwa. Inda aka binne ta kuwa, babu wanda ya sani. Driekie ba ta haihu ba. Ta ga in ita ma ta kwanta dama, babu sauran mai nema. Sai ta ƙudura ba za ta mutu ba sai ta tsaya a kan kabarin nan da ƙafafunta.

Kowace Asabar takan tashi Kerneels ya fito da akori-kurarsa. A bayan motar takan sa bokiti da burushi da ƙullin garin fulawa, wanda take shafa wa tsofaffin duwatsu don rubutun da ya goge ya fito.

"Yau kuma wace gawa za mu gaisar?" in ji shi.

"Tuƙa dai, tsoho. Naka kakannin ai ko akuya ba ta san inda suke ba."

"Shi ya sa suke barcinsu lafiya. Ba mai tashinsu da burushi."

Kowace coci sai ta tura su wurin tsohuwar cocin da ta samo asali daga gare ta. Cocin garin Worcester ta ce su je Tulbagh, Tulbagh ta ce su gangara Paarl. A hanya Driekie na jero sunayen matan da ta tono, uwa bayan uwa, kamar mai bitar karatu, Kerneels yana ƙara muryar rediyo. A Paarl ne aka gaya mata Isabeau ta tsufa ƙwarai, ɗanta ya haye da ita dutse zuwa wata gona, Soetfontein, a can ta rasu.

Driekie ba ta ko tambayi hanya ba. Ta san Soetfontein. Kowa a garin ya san ta. Gonar tana ƙasan dam ɗin da ake hango shi daga tagar kicin ɗinta. Lokacin da za a tare ruwan an kwashe kaburbura masu rubutu an mayar da su tudu, amma na mutanen farko, waɗanda falalen dutse kawai aka kafa musu, ba wanda ya san da su balle ya ɗauka.

Shekaru suka wuce tana wanke kwanuka tana harar ruwan nan. Sai fari ya zo. Sanyi, wanda shi ne daminarsu, ya shiga ya fita ba ruwa, aka sake haka, aka kuma sakewa. Mutane suka koma wanka a roba suna ba wa shuka ruwan wankan. Dam ya yi ta ja da baya har matattun itatuwa suka fito tsirara, sai layukan kututturen inabi, sai harsashin gidaje.

Driekie ta ɗaura hularta mai faɗi ta shiga. Ƙasa ta tsage, ƙifaye sun bushe a cikin tsagar. Ta nufi kangon ɗakin ibadar da manoman kwarin suka taɓa ginawa, domin a iya saninta matattu kusa da coci suke kwana. Ta zagaye kangon nan har takalminta ya buɗe baki. Ta tona nan, ta tona can, ba ta samu komai ba sai kwalabe da ƙarfen garma. Kerneels yana zaune a inuwar mota yana yankar busasshen nama da 'yar wuƙarsa.

"Tsohuwa, mutane na neman ruwa ke kina neman ƙashi."

"Ka ci namanka ka ƙyale ni."

Ana haka Dominee, limamin cocinsu, ya sanar da ranar roƙon ruwa. Gari ya fito kaf, manoma da ma'aikatansu, tsofaffi riƙe da laima kamar yadda aka saba, don kada a ce sun roƙa ba su gaskata ba. Driekie ta bar tata a gida. Maƙwabciyarta, Tannie Bettie, wadda gonar ɗanta ta ƙone da farin nan, ta dube ta sama da ƙasa.

"Driekie, ina laimarki?"

"Ta karye."

Aka yi addu'a, manyan maza suna share hawaye. Da coci ta ɗauki amin, bakin Driekie ya ƙi buɗewa. Ta san tuffa na zubewa ɗanya, ta san an sallami rabin 'yan matan rumbun da ta horar. Duk da haka zuciyarta cewa take, a ɗan jinkirta ruwan, ta ga kabarin tukuna. Kunya ta rufe ta har ta kasa kallon Bettie.

A mota Kerneels bai kunna rediyo ba.

"Na ji ki," ya ce.

"Me ka ji? Ban ce komai ba."

"Shi na ji."

Ya tuƙa kaɗan, sannan ya ce, "Ni fa da ake ce wa ba na saurare, na tuna kin ce Ouma Lenie ta ƙi a kai ta maƙabartar coci. Har rigima aka yi."

Driekie ta juyo da sauri. Haka aka yi. Tsohuwar ta dage sai a bayan gida, tana cewa mutanensu tun a Faransa aka hana su maƙabarta, suka saba binne nasu a gonarsu, su dasa sipres a kusurwoyin wurin, dogon itacen nan mai tsini. Ashe Driekie ta yi ta wahala a gindin coci, alhali mutanen da take nema ba a nan suke kwana ba.

"Juya motar."

"Da kayan coci? Ko abinci ba mu ci ba."

"Kerneels, dubi dutsen can!"

Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga yamma, yana gangarowa kan dutsen. Suka bar motar a bakin kwalta suka shiga da ƙafa. Iska na kwasar rairayi tana watsa musu a fuska. Driekie na gaba da takalmin coci a hannu, Kerneels na baya yana haki yana tsine wa Faransa da duk wanda ya ƙera jirgin ruwa. Suka wuce kangon ibadar, suka kai harsashin tsohon gidan Soetfontein, suka zagaya baya. Kututture ko'ina, duk sun yi fari iri ɗaya. Ta yi ta kai da kawo a tsakaninsu har ta ga wasu huɗu da suka tsaya a kusurwa kamar ƙafafun gado.

A tsakiyarsu taɓo ya bushe ya yi ɓawo. Ta durƙusa ta fara yaƙushi da hannu. Kan wani falalen baƙin dutse ya fito, sai wani ƙarami daura da shi, na kai da na ƙafa. Kerneels ya miƙa mata wuƙarsa, sannan shi ma ya durƙusa da kwat ɗinsa. Suka tono wani, da wani, duk a jere suna duban gabas. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya. Babu ko harafi.

"To wanne ne nata?" ya tambaya a hankali.

"Ban sani ba."

Ɗigon farko ya faɗi a kan dutsen, ƙato. Driekie ta miƙe ta tsaya a tsakiyar jeren, laka har gwiwa, ta fara kiran su da ƙarfi. Sannie, uwarta. Lenie. Hester. Aletta. Magdalena. Ruwa ya kece. Ta buɗe baki sunan gaba ya ɓace mata.

"Jacomina," in ji Kerneels, hularsa a hannu.

"Jacomina. Susanna. Isabeau."

Kafin su kai kwalta taɓon ya cinye takalminsa ɗaya. Daga gari ana jiyo ƙararrawar coci da hon ɗin motoci. Ruwan bai tsaya ba sai da ya kwana biyu yana zuba, kuma kafin sanyin nan ya fita dam ya rufe Soetfontein. Driekie ta yi jinyar mura a gado, tana faɗa da bargo. Ranar da ta tashi, ta tarar da Kerneels yana gyaran tayar mota.

"Gyara da kyau," ta ce. "Ba mu san inda aka binne uwar Isabeau ba."