Bugun Ɗan Fari

Akwai ranar da har yau ba ta fita daga raina ba a aikin nan namu na rubuta sakamakon wasan besbol, kuma duk sabon da ya zauna a teburin sai na ba shi labarinta. Wata Asabar ce, saura 'yan makonni a fara azumin bara, a filin da ƙungiyarmu ke haya a bayan unguwar Danau Kota, a nan ƙasar wajen da muke zaune.

Bari in fara da bayani saboda sababbinku. Alƙalin wasa shi ke cikin fili, shi ke cewa wane ya fita, wane ya tsira. Mu kuwa muna gefe a rumfa da fensir, namu shi ne mu faɗi yadda aka yi abin ya faru. Idan yaro ya bugi ƙwallo ya ruga ya isa tashar farko lafiya, tambaya ɗaya ce a gabanmu: ƙwarewarsa ce ta kai shi, ko sakacin mai tsaron fili? In ƙwarewa ce, mu rubuta masa bugu mai kyau, abin da yaran ke kira hit. In kuwa ƙwallon da kowane mai tsaro zai kama ce ba da wata wahala ba, amma ta kuɓuce masa, sai mu rubuta kuskure a kan mai tsaron, mai bugun ya tashi a tutar babu. Doka ta ce in ana shakka a ba mai bugu. Ta kuma ba marubuci kwana ɗaya ya gyara hukuncinsa, in ya wuce shi ke nan.

Ni ne shugaban marubuta, kuma a cikin waɗanda na koyar babu mai ido irin na Maman Walida. Bakatsiniya ce, matar wani malamin jami'a, suna zaune a unguwar Taman Melati. Zaman jiran yara ne ya ishe ta a bakin fili, ta ce in koya mata, kafin a ce me ta fi ni tsabtar rubutu. Wasan ƙanana take rubutawa kullum. Amma ran nan marubucin wasan manya ya kwana da zazzaɓi, sai na ce ta riƙe mana, ni in zauna kusa da ita.

A cikin manyan akwai Nasiru, mai lamba tara, ɗan shekara sha shida. Ɗanta ne na fari. Ku lura da sunan da ake kiranta da shi, Walida ita ce ta biyu. Ban taɓa jin sunan Nasiru a bakinta ba, sai dai "wancan yaron". In sun taso daga gida ma, shi a wani taragon jirgin ƙasa yake shiga, ita a wani. Wasan ranar kuma shi ne na ƙarshe kafin a zaɓi waɗanda za su tafi gasa a jihar Penang, ana duba yawan bugu mai kyau na kowa. Nasiru yana bakin layi. Bugu ɗaya zai shigar da shi, rashinsa zai bar shi a gida.

Fitowarsa ta farko ya buga wata ƙwallo da ta zame wa mai tsaro ta tsakanin ƙafafu. Ta rubuta kuskure, na gyaɗa kai, domin gaskiyarta ce. Ta biyu aka fitar da shi. Ta uku fa, yaron nan ya kai wa ƙwallon wani duka da sai da na ji ƙarar a haƙorana. Ta tafi a ƙasa kamar an harba ta. Mai tsaron wajen, wani ɗan Koriya siriri, ya yi tsalle ya shimfiɗe a ƙasa, ƙwallon ta taɓa bakin safar hannunsa ta wuce. Nasiru ya isa tashar farko, 'yan kallo suna ta ihu. Na leƙa takardar Maman Walida. Kuskure ta rubuta, fuskarta kamar ba ta wurin.

Ana tashi sai ga kocinsu, Encik Azman, wato Malam Azman a harshen ƙasar nan, ya nufo rumfa yana huci, hularsa a hannu. Mutumin kirki ne, amma in ransa ya ɓaci har kunnensa ke rawa.

Ya ce da ni, "Malam, wannan baiwar Allah me Nasiru ya yi mata? Wannan kuskure ne? Ko ni lokacin da nake saurayi ba zan kama ta ba, lah! Tun safe nake kallonta, kowane yaro ya yi abin kirki tana murmushi, shi kuwa ko kallonsa ba ta yi. In akwai rigima tsakaninta da iyayensa, a faɗa mini. Zan nemi uwar yaron da kaina ta shigar da ƙara."

Na danne dariya iya ƙarfina, na ce, "Encik, ba sai ka wahala ba. Ga uwar nan a zaune."

Ya dube ni, ya dube ta, ya sake dubana. Ya ce, "Uwa wadda ta haife shi?" Na ce ita fa. Sai ya mayar da hularsa a hankali, ya ce shi kam wannan ta fi ƙarfinsa, zai je kedai, wato shago, ya sha shayi, in mun gama mu kira shi.

Ina da ikon soke hukuncin da kaina, amma ban so ba. Marubucin da aka soke wa hukunci a gaban jama'a hannunsa ba ya sake tsayawa. Na ja kujera na ce, "Hajiya, ki ba ni labarin bugun nan kamar ban gani ba."

Ta ce, "Ƙwallo ce mai ƙarfi."

"Ɗan Koriyan fa, ya yi sakaci?"

"A'a, wallahi ya yi ƙoƙari. Har gwiwarsa ya goge."

"To me ya sa kika rubuta kuskure?"

Ta gyara mayafi, ta kau da kai. "Haba Malam. Da hannuna in rubuta wancan yaron ya yi bajinta? A ce uwarsa ce ta zauna ta ba shi? Ina zan kai wannan kunya? Ka bari kawai, wata shekarar ya je."

Tausayi ya kama ni, dariya kuma tana cina. Na nuna mata can gefen fili, inda wata mata ke tsugune tana manna wa ɗan Koriyan filasta a gwiwa. Na ce, "Kin ga waccan? Uwarsa ce. Yau za ta koma gida da labarin ɗanta ya yi kuskure, alhali ke da bakinki kin ce bai yi ba. Kunyar naki kike ji, sai kika ɗauki laifi kika ɗora wa na wata."

Ta kalli matar, ta ce, "Innalillahi. Ni ban duba ta nan ba." Ta ɗauki abin gogewa ta share, ta rubuta bugu mai kyau, ta sa hannu a gefe kamar yadda doka ta ce. Sannan ta harare ni ta ce, "Saboda ɗan mutane na gyara, ka sani." Na ce na sani, Hajiya.

Nasiru ya shiga cikin masu tafiya. Muna tattara kaya sai ga shi ya zo, gumi sharkaf, ya tsaya daga nesa kaɗan. Uwar ta duƙufa cikin jaka kamar tana neman allura. Ya matso kusa da ni, da Hausarsa ta yaran da suka tashi a nan, ya ce, "Uncle, boleh in ɗauki hoton page ɗin?" Wato ko na yarda ya ɗauki hoton shafin. Na ce me za ka yi da shi, ai sunanka ya riga ya fita. Ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ba don Penang ba. Ban taɓa ganin Umma ta ce na yi abu mai kyau ba. Yau ta rubuta."

Na miƙa masa takardar. Maman Walida ba ta ɗago ba, amma na ga ta daɗe tana goge ido da gefen mayafi, wai ƙurar fili ce.

Duk horon da muke ba ku a kan son kai ne, kada marubuci ya fifita nasa. Ranar na gane a cikin mutanenmu akwai wanda zai danne nasa don kunya, yana ganin adalci yake yi, kuma shi ma karkata ce. Shi ya sa yanzu kafin in ba kowa wasa nake tambaya ko yana da ɗa a fili. In kuma dole ta sa kuka zauna a kan wasan naku, ku rubuta abin da idonku ya gani. Yaran nan suna karanta takardunmu fiye da yadda muke zato.